Yatsu Huɗu Daga Ƙasa

Kwazazzabon da ke bayan gidan Ntate Mokhele, wato Baba Mokhele, a dā cin gonarsa yake yi. Kowace damina sai ya yagi ƙasa kamar taki biyu ya tafi da ita kogi. A shekarar da aka haifi 'yarsa Nthati, wadda daga gare ta matarsa ta sami sunan Manthati, wato uwar Nthati, Mokhele ya dawo hutu daga ramin zinariya na ƙetaren iyaka da damin sandunan dashe na wani dogon itace mai suna popoliri a kafaɗa, ya bi cikin kwazazzabon yana kafa su ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka ɗauka ƙasar yake son tsarewa. Ƙasar kuwa ta tsaru, sai dai abin da ya kai shi idanun Manthati ne. A lokacin busasshen kashin shanu muke ƙonawa, kamar kowa a kan waɗannan duwatsu marasa itace, hayaƙinsa kuwa ya sa idanunta sun yi ja suna zubar da ruwa tun tana amarya.

Da itatuwan suka girma, ya raba su kashi bakwai, ya kafa farin dutse a iyakar kowane kashi. Kashi ɗaya yake yankewa a shekara, a cikin sanyi, lokacin da ganye ya zube ruwan itace ya sauka saiwa. Kututturen da ya bari sai ya yi toho idan ɗumi ya dawo, kafin ya kewayo kansa bayan shekara bakwai tohon ya kai kaurin cinyar mutum. Abokan aikinsa hutun Kirsimeti suke nema, shi kuwa na watan Yuli yake roƙo, ya zo gida a cikin ɗari ya yi mako biyu a kwazazzabo.

Yadda yake yankan ne ya zama abin dariya a gari. Ba ya tsayuwa. Buhu yake shimfiɗawa ya durƙusa, ya auna yatsu huɗu daga ƙasa, ya sa zarto ya yanka a karkace, fuskar yankan tana duban arewa inda rana take bi a ƙasarmu, don ruwa ya gangare wurin ya bushe. Idan aka tambayi ƙaninsa Lebusa ina Mokhele, sai ya ce, "Yaya ya tafi ibada."

Shekara ɗaya ce aka hana shi hutu. Lebusa ya kira gayya, maza goma da gatura, suka sare kashi na uku kafin rana ta take tsaka, a tsaye, daidai gwiwa, kamar yadda kowa yake yi. Kututturan suka tsage, ruwa ya kwanta a cikinsu suka ruɓe, ɗan tohon da ya fito a sama iska ta ɓalle shi. Rabin wannan kashin bai sake tashi ba. Har yau ana kiran wurin Giɓin Lebusa, shi kansa Lebusa haka yake kiransa.

A shekarar da nake ba da labarinta, Mokhele ya shekara takwas da barin rami. Ya fito da abin da yawancin mazajenmu suke fitowa da shi, wato ƙurar dutse a huhu. Da farko hawan tudu ne yake tsayar da shi, daga baya har ɗaura takalmi. Kashi na biyar ne a kan layi, kututture arba'in, kowanne da sanda uku. Abin da aka yanka bana shi ake ƙonawa baɗi bayan ya bushe. Idan ba a yanka ba, gidan ya koma hayaƙin kashin shanu ke nan, wanda huhun Mokhele ba zai ɗauka ba ko na mako guda. Wa'adin kuma sananne ne. Da zarar perekisi, itacen marmarin da ke ƙofar gida, ya yi fure, ruwa ya hau itace, yanka ya rufu sai wata shekara.

Ya yi ta jinkiri yana jiran ƙirjin ya sassauta, har Agusta ta kama. A kwana tara ya gama kututture biyar.

A rana ta goma Manthati ta sauka kwazazzabo da kunun dawa mai tsami. Ba ta ji ƙarar zarto ba tun daga sama. Ta tarar da shi a zaune ya jingina da itace, zarton yana saƙale a tsakiyar yanka, leɓunansa sun yi fari kamar toka. Da ya gan ta ya tura hannunsa cikin bargo.

Ta ce, "Ntate, me kake ɓoyewa?"

"Hannuna. Sanyi ake yi."

"Miƙo hannun in gani."

"Shekara talatin da biyar kina ganinsa, bai canza ba."

Ta ajiye kunun ta ɗaga gefen bargon. Ƙyallen da yake tari a ciki ne, da jini a jikinsa. Ta naɗe shi ta sa a aljihunta. Ta riƙe masa kwanon ya sha, sannan ta ce za ta je wurin Lebusa ya kira gayya.

Ya ce, "Ki kira gobara, ta fi shi sauri, kuma ita tana barin toka."

"To, Nthati ta nemi hutu ta zo da mijinta."

"Mijin da ko kaza sai an riƙe masa? Ki bar yarinya da aikinta a birnin Maseru. Ni zan gama. Ɗaya yau, ɗaya jibi."

Manthati ta dubi jerin itatuwan da suka rage, ta dubi ƙirjinsa da ke ɗagawa da sauri kamar na tsuntsun da aka kama. Ta zare zarton daga itacen ta rataya a kafaɗa, ta ba shi ɗaya kafaɗar. Hawan da yaro yake yi da gudu ɗaya, sau huɗu suka tsaya a cikinsa.

Ba ta je wurin Lebusa ba, shi ya kawo kansa da yamma, don labari ba ya kwana a garinmu. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa ya ce, "Yaya, an ce ibada ta yi nisa har mai wa'azi ya suma."

"Shigo ka rufe ƙofa, kana sace mini ɗumi."

Lebusa ya shiga ya miƙa hannuwansa ga murhu. Ya daɗe yana kallon wansa, raha ta gushe daga fuskarsa. Ya ce, "Maza goma, tulun giya biyu, matar yaya ta dafa wake da dawa. Kwana ɗaya an gama. Ka bar ni in yi maka wannan."

"Za su durƙusa?"

"Haba, Yaya. Ni ko ranar aurena da gwiwa ɗaya na durƙusa. Namiji da gatari a hannu ya dinga rarrafe kamar mai neman allura? Wa zan kira ya zo?"

"To, ka gaida gida."

"Taurin kan nan ne zai kashe ka."

"An riga shi kama layi," in ji Mokhele, ya nuna ƙirjinsa.

Washegari Alhamis ce, ranar da mu matan zumunta muke taruwa. Bayan addu'a mukan goge daɓen coci da man goge. Mukan jeru tun daga bagade, kowace da buhu a ƙarƙashin gwiwa, mu yi ta ja da baya har ƙofa. Mu goma sha biyu ne ranar. Mun kai tsakiya sai Manthati ta tsaya, ta zauna a kan dugaduganta tana bin mu da kallo.

Mme Malefu, wato Inna Malefu, babbarmu, wadda mijinta ya rasu tun muna 'yan mata, ta ce, "Manthati, wahayi ne ya sauko miki, ko baya ne ya riƙe?"

"Mme, tun yaushe muke a kan gwiwa?"

"Yau, ko tun da aka haife mu?"

Muka yi dariya, Manthati ba ta yi ba. Ta faɗa mana abin da ta gani a kwazazzabo, da ƙyallen, da amsar da Lebusa ya bayar. Ta ce sandunan ba su fi ƙarfin mata biyu da zarto ɗaya ba. Abin da aikin yake bukata shi ne mutumin da zai yini a durƙushe bai ji an rage masa daraja ba, ta ce kuma ga irinsu goma sha biyu a wurin.

A garinmu mace tana tsintar itace, tana ɗauka, tana faskarawa, amma ba ta kayar da itace mai rai sai wadda mijinta ya mutu ba ta kuma da ɗa namiji. Duk wanda ya ga mace da zarto a gindin itace ya san gidan ba namiji.

Mme Malefu ta ce, "Ni dai nawa ya daɗe da tafiya, ba abin da zarto zai ƙara masa. Waɗannan kuma taimako za su ce sun je. Amma ke kwazazzabon mijinki ne, yana kuma numfashi. Kin san abin da za a ce."

"Na sani, Mme."

"Shi ya sani?"

"Tukuna."

"To, shi ne itacen da za ki fara da shi, ya fi sauran tauri. In ya faɗi, ki aiko."

Da safe Mokhele ya yafa bargo ya miƙa hannu bayan ƙofa inda zarto yake rataye, bai same shi ba. Manthati tana zaune a bakin gado da shi a cinya. Ta faɗa masa a hankali, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya zauna a kujera kamar an tura shi.

Ya ce, "So kike ki shiga takaba ina raye?"

"So nake a yi mini gori da ƙarya, Ntate. In ka koma can kai kaɗai, kafin perekisi ya yi fure gorin zai zama gaskiya."

Ya juya yana duban taga. Rassan perekisin suna kaɗawa a waje, idanun da fure zai fito ta cikinsu sun fara kumbura. Manthati ta gaya mini daga baya cewa kafin ya juyo ta karanta addu'ar Ubangiji sau biyu a zuci, ta soma ta uku.

Ya ce, "Ba ki iya ba."

"Ka koya mini."

"Duk shekarun nan kina kawo kunu, ba ki taɓa kallon hannuna ba?"

"Fuskarka nake kallo, in ga ko ka gaji."

Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin bargonsa, ya daɗe yana gyaran. Sannan ya ce ta ɗauko bokiti, zai zauna a kai.

Suka sauka tare. Ta shimfiɗa buhu ta durƙusa a gaban itacen da ya bari a rabi, ta ƙarasa shi, sannan ta matsa na gaba. Ta auna yatsu huɗu ta ɗora zarto, sai ya ce ta tsaya. Ya sa ta kawo hannunta ya ɗora nasa a kai. Yatsunta huɗu ba su cika ukunsa ba.

Ya ce, "Da kin aske shi har ƙasa. Toho ta ina zai fito?"

Ya karyo ɗan reshe, ya yanke shi daidai faɗin yatsunsa huɗu ya ba ta. Ta auna da shi ta soma ja. Zarton ya yi ta tsalle yana ƙin shiga, shi kuwa yana cewa kada ta danna, ta bar haƙoran su ci da kansu. Da sandunan uku suka faɗi, ya sauko daga bokiti ya shafa yankan da tafin hannu. Ya fi karkata gabas, ɓawon kuma ya yage a gefe ɗaya.

"Wannan kare ne ya gwaguya?"

"Matarka ce."

"To, Allah ya ba shi haƙuri. Mu gani ko zai rayu. Yi na gaba."

Na gaban ya fi. Na uku ya shafa bai ce komai ba, wanda a wurin Mokhele yabo ne. Ranar Lahadi bayan sujada Manthati ta raɗa wa Mme Malefu cewa itacen ya faɗi. Mokhele kuwa ya yini a bakin murhu da wuƙa yana fiƙe 'yan sanduna goma sha biyu, kowace faɗin yatsunsa huɗu.

Alhamis ta gaba muka yi addu'a a taƙaice, muka ninke kayan zumunta, muka tsuke barguna da fil, muka gangara da zarto huɗu da muka aro gida gida. Daɓen coci ya yi haƙuri wannan makon. An ajiye wa Mokhele kujera a inda yake ganin kashin duka. Tun da ba shi da numfashin ɗaga murya, Manthati ta ba shi tsohon daro da sanda. Bugu ɗaya a fara, biyu a tsaya, uku a kauce.

Mme Malefu ta ce, "Ga shi nan, an naɗa shi mai ƙararrawa. Ntate, sadaka fa, yaushe za a zagaya?"

"In kin yanka daidai, Mme, ni zan sa miki."

Muka durƙusa biyu biyu, itace a tsakani, wannan ta ja waccan ta ja, ta uku ta tokare sandar da gwafa don ta faɗi inda ake so. Ƙasar tana da sanyi har ta cikin buhu. Da farko daron bai huta ba, bugu biyu, bugu biyu. Wannan ta karkata kudu, waccan ta manta ɗan ma'auninta a aljihu. Kafin hantsi hannuwa suka saba, wata ta ɗauko waƙar coci, zartuna suka bi amo.

Waƙar ce ta tara mana maza. Suka jeru a saman kwazazzabo cikin bargunansu, Lebusa a tsakiya. Sai wani daga baya, ba zan faɗi sunansa ba don ya tsufa yanzu, ya ce da murya mai ƙarfi, "Allah ya ji ƙan Mokhele. Mutumin kirki ne."

Zartuna suka tsaya. Na dubi Manthati, idonta yana kan yankan da ke gabanta. Mokhele ya ɗaga sanda ya buga daro sau ɗaya. Ya ja numfashi ya ce, "Amin. Amma ba yau ba, yau ina da ma'aikata."

Dariya ta fashe a sama da ƙasa. Mme Malefu ta ɗaga kai ta ce wa mai maganar, "Ntate, sauko mana ka yi masa ta'aziyya ido da ido. Ga buhu, in gwiwar tana lanƙwasuwa." Bai sauko ba. Bugu ɗaya yana nufin a fara, don haka muka ci gaba.

Da rana ta karkata, wata doguwar sanda ta kuɓuce wa mai gwafa, ta faɗa kan itatuwan kashi na shida ta saƙale a sama. Daro ya yi ƙara sau uku muka watse. Muka ja ta da igiya ta ƙi. Sai ga Lebusa yana gangarowa, tsakuwa tana binsa, yana faɗa tun kafin ya iso.

"Ku matsa, ku matsa, kafin ku kashe mana wata a ce mu ne. Ta gindi ake ja, matar yaya, ba ta kai ba."

Ya rungumi gindin ya murɗa, sandar ta sauko. Ya tsaya yana haki, ya dubi sandunan da muka jera, ya tambaya wa zai hau da su gida. Manthati ta ce a ka za mu ɗauka. Ya yi tsaki ya hau tudu, bai jima ba ya dawo da shanunsa biyu da amalanke.

Mokhele ya ce, "Wannan ka iya."

"Ai ban ce na zo ibada ba. Dako na zo."

Mun gama kututture goma sha takwas ranar. Kafin a hau da shi, Mokhele ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, Manthati tana riƙe da shi. Biyu ya sa aka sake gyara musu baki.

Sanyin yinin nan ya kwantar da shi. Alhamis ta biyu bai iya sauka daga gado ba, idanun perekisi kuwa sun fara nuna ja a baki. Manthati ta tsaya a ƙofa da zarto a kafaɗa ta kasa fita. Ya nuna mata daron da ke jingine da bango.

Ya ce, "Ɗauki. Ki buga da ƙarfi, ta taga zan ji."

Ita ta zauna a kujerarsa ranar, ko da yake ba ta daɗe a zaune ba, tana ta kai da komo da ɗan ma'auninta. Da muka kayar da sanda ta ƙarshe ta buga daron har sai da ya lotsa. Lebusa ne ya fara isa gidan da amalanke. Ya leƙa ɗaki ya ce, "Na zagaya, Yaya. Na so in sami ko ɗaya da ya wuce, in sami abin faɗa. Babu."

Mokhele bai yini a banza ba. Ya sa an kawo masa rassan saman sandunan makon jiya, ya yayyanka su tsawon kamu biyu ya ɗaure dami. Ya tura wa ƙaninsa damin da ƙafa.

"Na giɓinka ne. Idon ya dubi sama. Ka tura su har saura ido biyu a waje, ka danne ƙasar da hannu."

"Da hannu? Ƙafa fa?"

"Da hannu."

Ba wanda ya ga Lebusa yana dashen. Sai dai ranar Asabar ya shigo kanti da sassafe da laka a gwiwoyin wandonsa duka biyu, Mme Malefu kuwa tana kantin. Ta gaishe shi da ladabi ta tambaye shi ko aure ya ƙara. Ranar Lahadi perekisi ya yi fure.

Ruwan farko ya sauka a tsakiyar Oktoba. Mokhele ya rame ƙwarai, amma yana iya zama a rana. Wata safiya ya ce a kai shi kwazazzabo. Lebusa ya shimfiɗa barguna a amalanke, ya bi da shanun ta doguwar hanya mai sauƙin gangara, ya sauke shi a bakin shingen ƙaya da ya yi wa kashin saboda awaki. Sannan ya ce zai je ya duba giɓinsa, ya bar shi da Manthati.

Kowane kututture ya yi rawani da toho, jajaye masu sheƙi, wasu sun kai gwiwa. Mokhele ya tsaya dafe da kafaɗar Manthati yana kallo. Ya ce ta kai shi wurin nata na farko. Wannan bai yi kamar sauran ba. Gefen da ɓawon ya yage ya bushe, amma a ɗaya gefen toho biyar sun fito, gajeru, a makare.

Ta ce, "Ya rayu."

"Ya yi haƙuri da ke. Shimfiɗa mini buhun."

"Ntate, ƙasar da danshi."

"Shimfiɗa."

Ta taimake shi ya durƙusa, ta durƙusa kusa da shi. Ya raba tohon da yatsa yana nuna mata. Ya ce idan sanyi ya dawo za a rage su a bar uku a kowane kututture. Kada ta bi tsawo, dogo yakan yaudari mutum. Ta bar wanda ya fito daga can ƙasa kusa da saiwa, shi ne iska ba ta ɓallewa, ta kuma bar su nesa da juna don kada su yi faɗa a kan rana.

Ta ce, "Kai za ka zaɓa. Ni yanka kawai na koya."

"In Allah ya kai mu."

Ya kamo bakin bargonsa ya zaro zare ɗaya, ya ɗaura a gindin wani toho, sako-sako don kada ya shaƙe shi idan ya yi kauri. Ya zaro na biyu.

"Bargon Nthati ne fa kake warwarewa. Da ta saya maka ba don itace ta saya ba."

"Ki ce mata asu ne."

Ya ɗaura na biyun. Na ukun yatsunsa suka ƙi, zaren ya yi ta zamewa. Ya miƙa mata. Ta karɓa ta riƙe, tana jiran ya nuna mata wanne. Bai nuna ba, ya mayar da hannuwansa cikin bargo. Manthati ta daɗe tana duban ukun da suka rage. Ta wuce dogon, ta kai hannu can ƙasa ta ɗaura a kan wani ɗan gajere mai kauri da ya fito dab da saiwa.

Mokhele ya duba bai ce komai ba. Can ya ce ta ɗaga shi, akwai saura talatin da tara, shi kuwa ba zai koma gida ba sai ya gaisa da kowanne.